DAGA ADAKA ZUWA BINDIGAR ISKA: YADDA MAHARBIN HAUSA YAKE MAYAR DA BINDIGA TASA

A unguwar Totsi da ke birnin Lome na taɓa ganin wata bindigar iska rataye a zauren wani dattijo. Ƙirar Jamus ce, amma sai mutum ya duba da kyau kafin ya gane haka, domin an rage tsawon gindinta, an naɗe ta da jar fata, an ɗinka mata maratayi, ga laya guda a ɗaure kusa da kunama. Wannan aiki ya girmi mai shi da ɗaruruwan shekaru. Bahaushe ya daɗe yana karɓar bindigar da wasu suka ƙera, ya sake mata kama har ta dace da kafaɗarsa da dajinsa.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), lokacin da Dagaci ya zo daga Barno da dawaki da tambura da tutoci da bindigogi. Wasu masana na ganin shekarun sun yi wuri ƙwarai, amma babu gardama a kan ƙarni na 18. A zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) ana shigo da bindigogi Kano daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. A Damagaram, Sarki Tanimun ya kai ga sa maƙera su ƙera igwa a Zinder, ana kuma haɗa albarushi a gida. Duk wannan bindigar fada ce. Maharbin ƙauye yana nan da bakansa da kwarinsa da kibiya mai dafi, shi ya sa har gobe shugaban maharba sunansa Sarkin Baka, ko da kuwa ya yi shekara talatin bai ja tsirkiya ba.

Bindigar talaka ta bakin teku ta hau, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar Lome. 'Yan kasuwar Denmak sun zauna a Osu ta Ankara, sun kuma gina ganuwa a Keta cikin 1784, tafiya kaɗan yamma da Lome. Sunansu ne ya bi doguwar bindigar nan mai ƙanƙara a bakin Turawa, duk da cewa da yawa daga cikinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Fataken goro da ke zuwa Salaga da Karachi su ne suka san hanyar da take bi zuwa arewa. Bayan yaƙin Salaga na 1892 Hausawa da yawa suka gangaro kudu, Jamusawa suka mayar da Lome hedikwatar Togo a 1897, zango ya cika. Tun 1885 ma akwai Hausawa cikin 'yan sandan Jamus na Togo, suna riƙe da bindigar zamani ta gwamnati.

Abin da ya raba bindigar gwamnati da ta maharbi shi ne yarjejeniyar Brussels ta 1890. Turawa suka hana sayar wa 'yan Afirka bindiga mai saiti da harsashin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ƙuntatawa ce, amma ita ce ta raya sana'ar maƙera. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta fi ƙarfin uwar maƙera da zugazugi ba. Idan wani abu ya karye maƙeri ya ƙera wani, masassaƙi ya sassaƙa gindi daga itace mai tauri, baduku ya naɗe inda ake tsoron tsagewa. Da motoci suka yawaita, sai bututun sitiyarin tsohuwar mota ya koma bakin bindiga. Sunayen da aka laƙaba mata sun isa bayani. Adaka, saboda ana daka albarushi a cikinta da sanda. Bindigar toka, saboda hayaƙin da take turnuƙewa da shi. Harba-ka-ruga kuwa shawara ce ga mai ita: harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure ɓauna, ƙafarka ce sauran makaminka.

Ita bindigar iska ba sabuwa ba ce a duniya. Sojojin Ostiriya sun riƙe ƙirar Girandoni tun wajen 1780. Wadda ta iso hannun mutanenmu ita ce mai karyewa a tsakiya, irin ta kamfanonin Diana na Jamus da BSA na Ingila. Ba ta cin albarushi. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a cikinta yake tura iska da ƙarfi, iskar ta fitar da ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Ba ta kashe gwanki, amma ta ishi kurciya da hasbiya da fakara, kuma ba ta tayar da unguwa. A ganina ba kyawunta ne ya sa ta samu karɓuwa ba, dajin ne ya ƙanƙance. Inda manyan namun dawa suka ƙare, gona da gini suka cinye kurmi, tsuntsu ne ya rage.

Hannun da ya saba da adaka bai bar ta yadda ta zo ba. Tsofaffin ƙira da fata ake toshe iskarsu, don haka in ta mutu baduku na iya yanka wata. Wani ya ɗora mata madubin hange, wani ya sauya ƙarfen ciki don ƙarin ƙarfi. Wannan na ƙarshe tsofaffin maharba ba sa yabonsa, domin bindigar sai ta riƙa zabura, saiti ya ɓaci, tsuntsu ya tafi da rauni ya mutu a inda wuƙa ba za ta same shi ba, nama ya zama mushe.

Doka ma ta shigo. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi, ta kuma ware adaka a wani rukuni na daban. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta nemi ƙasashe su yi wa maƙeran bindiga rajista, kuma cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage makamai a Afirka a nan Lome take tun 1986. Shi kansa tsohon zangon Lome an tashe shi a 1977 zuwa Togblekope, jama'arsa suka bazu, kayan gado da yawa suka salwanta a hanya.

Matsayin mai riƙe da ita ya zama mai fuska biyu. A 2014 maharban Adamawa da adakarsu da layunsu sun taimaki sojoji wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram, aka yi musu kirari. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, an tare motar wasu maharba da ke komawa Kano daga Fatakwal don yin Sallah, aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka kashe goma sha shida daga cikinsu.