WATA HUƊU INJI NA TSAYE, ALBASHI BAI TSAYA BA: TARIHIN ROBERT OWEN

 Tarihinmu na yau zai kai mu yankin Sikotland na Birtaniya, shekara sama da 200 baya, wurin wani mai kamfani da har yanzu ake kafa misali da shi in ana zancen shugaba mai tausayin na ƙasa da shi a wurin aiki. Sunansa Robert Owen.

An haife shi a 1771 a yankin Wales. Yana ɗan shekara 10 ya bar gida ya zama yaron shago wurin mai sayar da yadi. A farkon 1800 ya karɓi ragamar wani babban kamfanin kaɗin zaren auduga a ƙauyen New Lanark, bakin kogin Clyde, wanda shi da abokan kasuwancinsa suka saya daga hannun surukinsa David Dale. Mutum wajen 2,000 ke ci daga wurin, cikinsu yara kusan 500 da aka kwaso daga gidajen marasa galihu na biranen Glasgow da Edinburgh, wasunsu ba su wuce shekara 6 ba. Ƙarfe 6 na safe ake shiga aiki, a tashi 7 na yamma. A ma'aunin wancan zamani fa Dale mutumin kirki ne, to ku auna yadda sauran wurare suke.

Owen ya shigo da niyyar gyara. Ya daina ɗauko yaran gidajen marasa galihu, ya gyara gidajen ma'aikata da tituna, ya mai da shagon ƙauyen wurin da ake samun kaya masu kyau a farashi mai sauƙi. Duk da haka ma'aikata ba su yarda da shi ba. Baƙo ne, da yawansu kuma daga tsaunukan arewa suka fito, harshensu ma daban. Duk abin da ya kawo sai su ce dabara ce ta ƙara tatsarsu. Ba laifinsu ba ne, sun daɗe suna jin daɗin bakin masu gida.

Ana nan sai rikicin kasuwanci ya taso tsakanin Amurka da Birtaniya wajen 1807. Amurka ta hana fitar da kayanta, kuɗin auduga ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanoni da dama suka rufe, suka sallami mutanensu. Owen ma ya tsai da injinansa, amma bai kori kowa ba. Wata huɗu ma'aikata ba su da aikin da ya wuce share inji da sa masa mai, ƙarshen wata kowa ya karɓi albashinsa cif. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1857, Owen ya ce abin ya ci fam 7,000, kuma daga lokacin ne mutanen suka saki jiki da shi. Abin da shekaru na gyaran gidaje da shago ba su samo masa ba, wata huɗun nan suka samo, domin a nan ne ma'aikata suka ga kuɗi na fita daga aljihun kamfani saboda su, babu zare ko ƙulli ɗaya da ke shigowa.

Ba wai ya saki aiki sakaka ba ne. Ya hana duka, sannan ya rataye wa kowane ma'aikaci ɗan katako mai fuska huɗu: baƙi, shuɗi, ruwan ɗorawa da fari. Launin da aka juyo shi ke nuna yadda mutum ya yi aikinsa jiya, ana rubutawa a littafi. Wanda ya ga mai duba aiki ya zalunce shi yana da damar kai kuka wurin Owen kai tsaye.

Abokan kasuwancinsa dai ba su ji daɗin kuɗin da yake zubawa a makaranta da jin daɗin ma'aikata ba, har suka so raba shi da wurin. A ƙarshen 1813 aka yi gwanjon kamfanin. Owen ya samo sababbin abokai, cikinsu da masanin falsafa Jeremy Bentham, waɗanda suka yarda su tsaya ga ribar kashi 5 cikin 100, suka saye shi fam 114,100. Ranar da ya dawo ƙauye, mutane suka kwance dawakin kekensa suka ja shi da hannunsu har gida. Alheri danƙo ne, in ji masu iya magana.

A 1816 ya buɗe makaranta da ke karɓar yara tun suna tatata, abin da ya ba iyaye mata damar aiki hankali kwance. Yaro ba ya shiga kamfani sai ya kai shekara 10. Lokacin aiki kuma ya sauko ƙasa da awa 11. Kamfanin bai karye ba, riba ya ci gaba da samu, baƙi na tahowa daga ƙasashen Turai don su gani da idonsu.

Sai dai kada mu mai da shi waliyyi. Albashin New Lanark bai kai na wasu wurare ba. Yana da shisshigi cikin rayuwar mutane: da ya kafa kwamitin duba tsabtar gidaje, mata da yawa suka kulle ƙofofinsu. Audugar da ke juya kamfanin kuwa, mai yawa daga cikinta bayi baƙar fata ne ke nomawa a gonakin Amurka, tausayin bai ƙetare teku ya kai gare su ba. Tsarin zaman jama'a da ya je ya kafa a jihar Indiana ta Amurka a 1825, New Harmony, cikin shekara biyu ya watse, ya cinye mafi yawan dukiyarsa. Ya rasu a 1858.

Abin da ya shuka bai tafi tare da shi ba. Fafutukarsa ta taimaka aka yi dokar 1819 da ta hana sa yara ƴan ƙasa da shekara 9 aiki a kamfanonin auduga. Mabiyansa na cikin waɗanda suka kafa shagon haɗin gwiwa na Rochdale a 1844, tushen ƙungiyoyin haɗin gwiwa na zamani, irin tsarin da ya iso mana nan Nijar da kafa UNCC a 1962. Kiran awa 8 a rana da ake jingina masa ya zama yarjejeniya ta farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yau kuma dokar aiki ta ƙasarmu awa 40 ta tanada a mako. UNESCO ta sa New Lanark cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Mu nan ba baƙin irin wannan tsayuwar aiki ba ne. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, mutanen Maraɗi da Ƙonni sun ga yadda shawarar da aka yanke can nesa ke tsai da shago, gareji da tasha. A irin ranar ce yaron shago da lebura ke sanin wane ne maigidansu. Ba kowa ke da ƙarfin biyan wata huɗu ba, mun sani. Amma akwai rabin albashi, akwai buhun hatsi, akwai kiran yara a zauna a faɗa masu gaskiyar halin da ake ciki kafin su ji a bakin wani.

To masu gida, in gobe aiki ya tsaya, me kuka tanadar wa yaranku? Ku kuma ma'aikata, wane alheri wani maigida ya taɓa yi maku a lokacin ƙunci da har yau ba ku manta ba? Sai mun haɗu a tarihi na gaba.