Ƙaton Kwaɗo da 'Yar Salkar Teku: Zumuncin da Aka Gano a 1866

A kogunan Kamaru da Gini Ikwatoriya akwai kwaɗon da ya fi kowanne girma a duniya, wanda George Boulenger ya yi wa rajista a 1906 da sunan Goliyat, wato Jaluta. Nauyinsa na iya zarce kilo 3. A gaɓar teku kuwa akwai askidiya, wata halitta mai kama da 'yar salka, manne da dutse, tana zuƙar ruwa ta wata kafa tana fitarwa ta wata. Ba ta da ƙashi, ba ta da ido, ba ta gusawa. Duk wanda ya ga su biyun zai rantse babu abin da ya haɗa su.

Masana ma haka suka ɗauka ƙarni bayan ƙarni. Aristotal ya ga askidiya kamar mai tsaye a kan iyakar tsiro da dabba. Linnaeus ya cusa ta cikin rukunin tsutsotsi, Cuvier ya haɗa ta da dangin kawa da dodon koɗi. Kuskurensu ɗaya ne: baligar kawai suke dubawa.

A 1866 wani matashi ɗan Rasha, Alexander Kowalevsky, ya bi girman ƙwanta mataki-mataki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ya ƙyanƙyashe sai ga shi tamkar jaririn kwaɗo: kai da wutsiya, yana iyo. Cikin wutsiyar akwai wata sanda mai lanƙwasuwa, a samanta igiyar jijiya, daidai tsarin da ake gani a tayin kifi da kwaɗo da ɗan Adam. Darwin bai yi sake da wannan hujja ba. Ya kawo ta a littafinsa na 1871 kan asalin mutum.

Ashe bambancin yana ga abin da kowanne ya yi da sandar. Jaririn kwaɗo yakan gina ƙashin baya a kewayenta, ya fitar da ƙafafu da huhu, sannan ya shanye wutsiyarsa ya hau tudu. 'Yar askidiya kuwa iyon sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu kawai take yi. Daga nan ta kafa kai a dutse, ta narkar da wutsiya da sandar baki ɗaya, ta zauna cikin riga mai sinadari irin na ɓawon tsiro.

Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2006 ya ƙara wa Kowalevsky ƙarfi: cikin dukkan marasa ƙashin baya, dangin askidiya ne mafi kusa da masu shi.