Faɗin Murya da Gwanintar Waƙa: Daga Kundin Shakira zuwa Zumuntar Mata a Samaru Kataf

Masu sharhin waƙa a Turai da Amurka sun saba auna mawaƙi da nisan da muryarsa ke iya ci, daga can ƙasa zuwa ƙololuwa. Wannan ma'auni yana da rauni, kuma kundin da Shakira, 'yar Barranquilla ta Kolombiya, ta fitar a 1998, Dónde Están los Ladrones?, ya isa hujja. Abin da ya ɗaga kundin shi ne yadda take wasa da gaɓar da muryar ƙirji ke karyewa ta koma siririya. Malaman waƙa sukan horar da ɗalibi ya ɓoye wannan karaya. Ita kuwa sai ta fito da ita fili, tana tsallaka ta a tsakiyar kalma guda, tana haɗawa da karkarwar maƙogwaro. A waƙar Ojos Así, wadda har da Larabci a cikinta, lanƙwasa muryar ce ke ɗauke da nauyin waƙar, abin da ba zai rasa nasaba da asalin mahaifinta na Lebanon ba.

Wanda ya taɓa halartar sujadar Lahadi a wata majami'ar ECWA a Samaru Kataf zai gane raunin wannan ma'auni nan take. 'Yan kwaya suna bin tsarin da mishan ɗin SIM suka kawo, murya huɗu, kowa da matakinsa. Da Zumuntar Mata ta miƙe kuwa, lissafin ya sauya. Mai ba da waƙa takan kafa muryarta a sama, cikin ɗan taƙaitaccen fili, da kaifin da zai ratsa majami'a ko babu lasifika. Sauran mata su amsa, tulun da ake bugawa a baki ya riƙe ƙasa. Kaurin da muryar mace ba ta kai ba, yumɓu ne ke cike shi.

Akwai dalilin harshe a nan. Hausa da Tyap, harshen Atyap mutanen yankin, duk harsuna ne masu karin sauti, don haka mawaƙiyar da ta yi ta hawa da sauka yadda ta ga dama tana iya jirkita ma'anar kalma. Sifaniyanci bai ɗaure Shakira haka ba. Taƙaita fili da matan Atyap ke yi zaɓi ne na masu son a ji kowace kalma, kamar dai yadda mawaƙiya Barmani Coge ta yi da ƙwaryarta a Funtuwa har rasuwarta a 2013.