Hutun amarci daga Tamale: Moroko, Santambul, Dubai, Zanzibar ko Umra?

A unguwannin Hausa Zongo da Sabonjida da Aboabo na birnin Tamale, ana ƙara samun matasan ma'aurata, galibi malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, da ke ware wani abu daga kuɗin biki domin tafiya mai nisa bayan an watse. Ga mafi yawansu tafiyar sau ɗaya ce kafin haihuwa da kuɗin makaranta su shigo, don haka kuskuren zaɓe yana da tsada. Akwai kuɗin biza da ba a mayarwa, akwai tikitin da ba a sauyawa, akwai kuma zuwa ƙasa a watan da mazaunanta ma ke gudun yanayinta.

Daga Akra ake tashi

Filin jirgin Tamale yana ɗauke da sunan na ƙasa da ƙasa. Tun watan Agustan 2016 ake kwasar alhazai daga nan kai tsaye zuwa Madina, kuma a Agustan 2023 aka buɗe sabon gininsa. Sai dai in ba lokacin Hajji ba, jiragen fasinja na yau da kullum Akra suke zuwa. Duk wata doguwar tafiya tana farawa ne da awa ɗaya a jirgin Africa World Airlines ko PassionAir, ko kuma da kimanin kilomita 600 a bas, abin da ke cin awa goma zuwa goma sha biyu ta Kintampo da Kumasi. Wannan zangon, zuwa da dawowa, ga mutum biyu, da kwanan Akra na dare ɗaya, shi ne abin da aka fi mantawa da shi a lissafi. Kwanan kuma ya zama dole, domin a watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan sa a jinkirta ko a soke tashin jirgi daga Tamale, kuma kamfanin jirgin ƙasashen waje ba ruwansa da wannan uzurin idan tikitin daban aka saya.

Fasfo biyu a gida ɗaya

Kafin a duba hoton kowane bakin teku, fasfo ake fara dubawa. A zango wannan magana tana da nauyi fiye da ko'ina, saboda auren ƙetare iyaka abu ne na kullum: ango ɗan Ghana, amarya daga Maraɗi ko Dosso, ko daga Sakkwato, ko daga Sokode ta Togo. Ƙasar da ta buɗe wa ɗaya ƙofa tana iya rufe wa ɗayan.

Mai fasfon Ghana yana shiga Tanzaniya, har da Zanzibar, ba tare da biza ba. Mai fasfon Nijar ko Najeriya ko Chadi kuwa yana cikin rukunin da sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta amince da buƙatarsa tun kafin ya taso, ba a ba shi biza a filin jirgi, kuma amsar kan ɗauki makonni. Afirka ta Kudu ta cire wa 'yan Ghana biza tun 1 ga Nuwamban 2023, na kwana 90 a shekara, amma ɗan Nijar da ɗan Najeriya sai sun nema. A Moroko ɗan Nijar ya daɗe yana shiga ba biza, ɗan Ghana ya samu wannan sauƙi a Yunin 2025 ta hanyar izinin da ake cikewa a intanet, ɗan Najeriya kuma har yanzu sai da biza. Kenya da Ruwanda su ne suka fi sauƙi ga gidan da ke da fasfo iri biyu, domin dukansu sun sassauta wa kusan dukkan 'yan Afirka. Turkiyya da Dubai da Saudiyya kowa sai ya nemi biza.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta hana amarya 'yar Nijar zama a Tamale ba, amma idan fasfonta ya kusa ƙarewa, sabuntawa aiki ne da ke buƙatar lokaci. Yawancin ƙasashe suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida daga ranar shiga. A tikiti kuma sunan da ke cikin fasfo ake rubutawa harafi da harafi. Amaryar da aka saya wa tikiti da sunan mijinta alhali fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta, a teburin awon kaya za a tsayar da ita.

Sai takardar aure. Dokar auren Musulmi ta Ghana ta tanadi a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma da yawa ba sa yi, sun wadatu da shaidar liman da waliyyai. Ofishin jakadanci bai san wannan shaidar ba. Idan miji ne zai nuna takardun banki a madadin su biyu, takardar aure ce ke haɗa sunayensu. Katin allurar shawara kuma wajibi ne ga duk mai tasowa daga Ghana zuwa wurare irin su Zanzibar da Saudiyya da Afirka ta Kudu. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta.

Moroko

Idan aka haɗa nisa da sauƙin shiga da kuɗin kashewa, Moroko ce ta fi dacewa da aljihun yawancin matasan Tamale. Royal Air Maroc na tashi kai tsaye daga Akra zuwa Kasabalanka cikin abin da bai wuce awa biyar ba. Daga nan jirgin ƙasa ne ke kai mutum Rabat da Fas da Marrakesh, kuma tun 2018 akwai mai gudun tsiya, Al Boraq, tsakanin Kasabalanka da Tanja. Abinci halal ne ba sai an tambaya ba. Wanda ya yi makaranta a Nijar ko Togo zai yi cinikinsa da Faransanci, wanda ya yi Islamiyya kuma Larabcinsa zai fitar da shi ko da na kasuwar Moroko ya sha bamban da na littafi.

Ga gidajen Tijjaniyya, waɗanda ba kaɗan ba ne a Tamale, Fas tana da wani matsayi dabam: a can zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, inda aka binne shi a 1815. Wannan kaɗai kan sauya yadda iyaye ke kallon tafiyar. Abin da za a kira ɓarnar kuɗi idan aka ce yawon buɗe ido ne, sai ya zama ziyara, har a bi ma'auratan da saƙon addu'a. A tsohon garin na Fas ɗin ne kuma masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Faɗima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859, ga majemar fata da har gobe ake aiki a cikinta da hannu, wadda duk wanda ya san sana'ar dukanci zai tsaya ya kalla. A Marrakesh da Essaouira ana jin kiɗan Gnawa, na zuriyar mutanen da aka kai can daga kudancin Sahara, kuma a cikin jerin waƙoƙinsu akwai waɗanda har yau da sunan Hausa ake kiransu.

Lokacin zuwa shi ne Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh kan haura digiri 40, wato mutum ya biya kuɗin jirgi ne ya je ya tarar da watan Maris na Tamale. A Janairu kuwa daren Fas na da sanyin da tsofaffin gidajen saukar baƙi ba su da maganinsa. Abin da ya kamata a shirya masa shi ne nacin 'yan jagora da masu shaguna a cikin lunguna, da kuma tambayoyin jami'an filin jirgi ga baƙar fata: tikitin komawa, adireshin masauki, kuɗin guzuri. A riƙe su duka a buge a takarda.

Santambul da Dubai

Waɗannan biyun su ne zaɓin wanda ke son haɗa hutu da saro kaya. Turkish Airlines na zuwa Santambul kai tsaye daga Akra cikin kimanin awa bakwai, Emirates kuma na zuwa Dubai cikin kusan takwas. Santambul ta fi abin gani: Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, fadar Topkapi da ɗakin kayan tarihin Manzon Allah (SAW) da sahabbai, kabarin Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, da jirgin ruwan haya da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya taɓa salla a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Akra, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, zai gane inda aka ɗauko fasalinsa idan ya shiga masallacin Sultan Ahmed. Dillalan tufafi suna Laleli da Merter. Matsalar ita ce biza, wadda ke son takardun banki da na aiki, da kuma sanyin Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ake yawan biki.

Dubai akasin haka take: Nuwamba zuwa Maris ne lokacinta, daga Yuni zuwa Satumba kuwa ba a yawo a waje da rana. Kasuwar zinariya ta Deira da shagunan Naif sun saba da masu saye daga Afirka ta Yamma, har ana jin Hausa a can. Amma kusan duk abin nishaɗi da tikiti ake shigarsa, daga hawa Burj Khalifa mai tsawon mita 828 zuwa fita sahara, kuma dirhami a ɗaure yake da dala, don haka babu ranar da zai yi araha. Ƙa'idar bizarta ga 'yan Afirka ta Yamma na yawan sauyawa. 'Yan Najeriya sun shafe daga 2022 zuwa Yulin 2024 ba a ba su. Kada a biya otal da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Bakin tekun gabas

Zanzibar ita ce wurin hutu na ainihi a cikin jerin, ga wanda abin da yake so shi ne ya zauna ya huta. Tsibiri ne na Musulmi, ana jin kiran salla daga masauki, ga tsohon garin Stone Town da ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2000, ga gonakin kanumfari da kirfa, ga farin yashin Nungwi a arewa. Ana zuwa ta Nairobi ko Addis Ababa, kuma da jiran canjin jirgi tafiyar kan cinye yini. Tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da wata. Afrilu da Mayu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Yuni zuwa Oktoba ne lokaci mai kyau. Otal-otal na bakin ruwa na Turawa ne a tsarinsu, da giya da shigar wanka, don haka ma'auratan da hakan zai dama gara su nemi ƙananan masaukai na 'yan gari.

Idan fasfon ɗaya daga cikinsu ya hana Zanzibar, Mombasa ta Kenya na ba da kusan abu ɗaya: al'adar Sawahili, tsohon gari, ganuwar Fort Jesus, teku. Daga Nairobi akwai jirgin ƙasa tun 2017 da ke ratsa gandun dajin Tsavo, ana hango giwaye ta taga. Ɗan Tamale dai ba giwa ce za ta burge shi ba, tunda Mole na nan kusa da gida.

Umra

Yawancin iyaye wannan za su zaɓa wa 'ya'yansu, kuma ma'aurata da dama su ma ita ce a ransu. Sai dai a san cewa ibada ce mai gajiyarwa, ba hutu ba: ɗawafi da sa'ayi cikin cunkoso, tashin dare, tafiyar ƙasa mai yawa. Ana bi ta Alkahira ko Addis Ababa ko Santambul ko Doha zuwa Jidda ko Madina, kuma jirgin ƙasa na Haramain yana haɗa Makka da Madina, kilomita 450, cikin kimanin awa biyu da rabi. Ana buƙatar allurar sanƙarau, izinin shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake nemansa. Farashi ya fi tsada a Ramadan, musamman goman ƙarshe, kuma ana dakatar da bizar Umra idan Hajji ya gabato. Tunda ta hannun wakili ake yawan bi, a tabbatar da rajistarsa, a kuma ga sunan otal da nisansa da Harami a rubuce kafin a ba da ko sisi. Wani sauƙin da babu shi a sauran wuraren shi ne harshe: a Makka da Madina da Jidda akwai zuriyar Hausawa da suka zauna tun zamanin tafiyar ƙasa, kuma da wuya a yini a kasuwa ba a ji Hausa ba.

Turai da Amurka ba su shiga wannan lissafi ba da gangan. Kuɗin neman bizar Schengen yuro 90 ne tun Yunin 2024, na Amurka dala 185, ba a mayarwa, kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin masu neman Schengen daga Ghana ana hana su. Sabbin ma'aurata marasa tarihin tafiya su ne aka fi zargi da niyyar zama.

Kuɗi da kaya

Tikiti da otal da dala ake ƙiyasta su, albashi kuma da sidi ake biya. A ƙarshen 2024 dala ɗaya ta kai kusan sidi 16, zuwa tsakiyar 2025 ta sauko kusa da 10. Wanda ke tara kuɗin tafiya na shekara guda yana iya samun riba ko asara mai yawa ba tare da ya taɓa asusun ba, shi ya sa masu lura ke sayen tikiti da zarar biza ta tabbata maimakon jiran farashi ya ƙara sauka. MoMo ba ya aiki a waɗannan ƙasashe. Sai katin banki da aka buɗe masa ciniki a waje, da 'yan daloli sababbin bugu, domin masu canji a gabashin Afirka kan ƙi tsofaffi.

A dawowa ne tsaraba ke kawo rigima. Manyan jirage kan ba fasinja jaka biyu masu kilo 23 kowace a hanyoyin Afirka, ƙananan jiragen Akra zuwa Tamale kuwa abin da suke ɗauka kyauta bai kai haka ba. Ma'auratan da suka cika jaka huɗu da abaya da turare da dabino na surukai da 'yan uwa, ko dai su biya kuɗin ƙarin nauyi a Akra, ko su kai kayan tashar STC ko VIP a sa a bas, su karɓa washegari a Tamale.