Duwatsun Kazaure da Roni a Tarihi

Ƙasar Kazaure, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ta sha bamban da sauran jihar. Yawancin Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta rairayi da fadamu, amma nan jerin duwatsu da tuddai ne suka ratsa ta, musamman tsakanin garin Kazaure da Roni. A cikin kwaruruwan ake noman gero da dawa da gyaɗa, awaki kuma na kiwo a kan gangare. Waɗannan duwatsu suna da hannu a kafuwar masarautar Kazaure kanta.

Zama a gindin dutse tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Kano ta tashi ne a kewayen Dala da Gwauron Dutse, Zazzau tana da Turunku da Kufena, Zamfara tana da Kwatarkwashi. Daga kan dutse ana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, doki kuma ba ya iya hawa inda mai kwari da baka ya laɓe. Akwai ruwan da ke taruwa a gindinsa, a wasu wuraren har da tama ta maƙera. 

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ɗantunku, jagoran Fulanin Yarimawa da ke zaune a Ɗambatta, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819. Aka shafe shekaru ana gwabzawa. Dabo ya fi shi yawan dakaru nesa ba kusa ba, ya ma fitar da shi daga Ɗambatta, amma da Ɗantunku ya ja da baya ya shige cikin duwatsu, sai yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar Kazaure a matsayin masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya zaunar da fada a Kazaure. Da wuya ƙaramar ƙasa irin wannan, a bakin ƙofar Kano, ta tsira da kanta in da a fili take.

Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ya kawo ƙarshen hare-hare, sai amfanin dutse ya ragu. Hankali ya koma kan gona da kasuwa da bakin hanya, musamman hanyar Kano zuwa Daura da ta bi ta Kazaure. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, masarautar ta fita daga Jihar Kano, yau kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Maƙwabciyarta Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim ne.

Hawan dutse don nishaɗi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe: Kanawa sun daɗe suna cika Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. A ƙasar Roni abin bai zama sana'a ba tukuna. Masu zuwa galibi matasa ne da 'yan makaranta, su zo da safe su koma kafin magariba, sun fi kuma zaɓar ƙarshen damina, lokacin da tuddan suka yi kore shar, gero ya fid da kai.