Zainab ta Jiki Magayi da Matan da Suka Biyo Bayanta

A shekarar 1933 Rupert East, Baturen Hukumar Fassara ta Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. A wannan yunƙuri ne aka samu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. A cikin littattafan zamanin, Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East, shi ne ya taɓa maganar aure da dukiya kai tsaye.

A cikin labarin, Abubakar na son Zainab, sai attajiri Malam Shehu, mai neman haihuwa ido rufe, ya shigo da dukiyarsa ya kasa shi. Daga nan labarin ya koma hannun maza: Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, ya tashi ɓarawo. Zainab kuwa, wadda ake rigimar dominta, an bar ta a ɗaki. Wannan ba sakacin marubutan ba ne kaɗai. Budurwa a lokacin ba ta da gona, ba ta da takardar makaranta, auren fari kuma na iyaye ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta bayyana cewa aurenta na fari na zumunci ne, ta yi shi don biyayya, sai da ta zama bazawara ta samu bakin zaɓe. Zawarci, abin da ake yi wa kallon ƙasƙanci, shi ne ƙofar 'yanci.

Sai a 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC, a Zariyar dai, ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta nace wa wanda danginta ba su so. Bayan shekara goma Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fito da Wa Zai Auri Jahila? Ita ba ta tsaya kan soyayya ba, ta kama tushen zancen: a hana yarinya karatu, sannan a raina ta don ba ta yi karatu ba.

Masu sukar adabin kasuwar Kano, wato irin littattafan su Balaraba, sun ce littattafan nan na koya wa 'yan mata bijirewa iyaye. 'Yan matan kuwa suka ci gaba da karɓar hayarsu a shago, suna karantawa ana miƙa wa ƙawa.