Daga Alawus Zuwa Albashi: Fafutukar Jami'an Lafiya na Unguwanni a Afirka ta Kudu

Jami'an lafiya na unguwanni su ne ma'aikatan da ke bin gida-gida a ƙauyuka da unguwannin talakawa na Afirka ta Kudu, suna kai wa marasa lafiya magani, suna bibiyar masu juna biyu da rigakafin yara, suna kuma nemo waɗanda suka daina shan maganin tarin fuka ko na cutar HIV. Adadinsu ya kai kimanin 50,000, galibinsu mata. Bai kamata a ɗauke su daidai da jami'an lafiya na matakin farko da ake yayewa a kwalejojin fasahar lafiya na Najeriya ba, domin horon da suke samu gajere ne, kuma mafi yawan aikinsu a cikin gidajen mutane yake, ba a asibiti ba. Shekara da shekaru gwamnati tana ɗaukarsu da kwantiragin shekara ɗaya tana biyansu alawus, su kuwa da ƙungiyoyin ƙwadagon da ke wakiltarsu suna neman a mayar da su ma'aikatan dindindin.

Asalin aikin

Tushen wannan aiki ya daɗe a ƙasar. A 1940 wasu likitoci biyu, Sidney Kark da matarsa Emily, suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela da ke yankin Natal, inda suka horar da mutanen gari su riƙa ziyartar gidaje. Amma abin da ya yawaita irin waɗannan ma'aikata shi ne annobar HIV. Daga ƙarshen shekarun 1990 asibitoci suka cika, aka riƙa sallamar majinyata su koma gida, kuma mata 'yan sa-kai ne suka ɗauki nauyin yi musu wanka da ciyar da su, a ƙarƙashin ƙungiyoyi masu zaman kansu da gwamnati ko masu ba da agaji ke tallafa wa.

Gwamnati ta fara raba maganin rage kaifin cutar a asibitocinta a 2004, sai aikin ya sauya daga jinyar masu jiran ajali zuwa tabbatar da cewa masu rai ba su yi sakaci da magani ba. A 2011, zamanin ministan lafiya Aaron Motsoaledi, aka tsara a kafa tawagar waɗannan jami'ai a kowace mazaɓa ƙarƙashin jagorancin ma'aikaciyar jinya. Daga nan aikin ya zama wani ginshiƙi na tsarin lafiyar ƙasa, amma matsayin masu yin sa bai sauya ba: babu fansho, babu inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati, babu alawus na gida, kuma banki ba ya yi wa mai kwantiragin shekara ɗaya kallon wanda za a ba wa rance.

Kamun Bloemfontein

Rikicin ya fito fili a lardin Free State a 2014, lokacin da ma'aikatar lafiyar lardin, ƙarƙashin Benny Malakoane, ta sallami sama da jami'ai 3,000. A watan Yuli na shekarar wasu daga cikinsu suka yi zaman dirshan cikin dare a ƙofar Bophelo House, hedikwatar ma'aikatar a Bloemfontein, tare da goyon bayan ƙungiyar TAC mai fafutukar kare haƙƙin masu ɗauke da HIV. 'Yan sanda suka kama sama da mutum 100. A 2015 kotu ta samu 94 da laifin halartar taron da ba a sanar da hukuma ba, cikinsu har da dattawan mata da ba su taɓa shiga caji ofis ba. Babbar kotun Bloemfontein ta soke hukuncin a 2016. Shari'ar ba ta mayar musu da aiki ba, amma ta sa sunansu ya shiga bakin 'yan ƙasa.

A lardin Gauteng, inda Johannesburg da Pretoria suke, dabarar hukuma daban ce. A 2016 ma'aikatar lafiya ta miƙa biyan alawus ɗinsu ga wani kamfani mai zaman kansa, abin da jami'an suka fassara da yunƙurin nuna cewa ba gwamnati ce ta ɗauke su ba. Suka kafa dandalinsu, suka shigar da ƙara, ƙungiyar ƙwadago ta NUPSAW kuma ta yi ta shirya zanga-zanga. Mai sasanta rikicin ma'aikata ya ba su gaskiya a 2018. A 2020, ana tsakiyar annobar korona da su ne aka tura gwajin gida-gida, lardin ya ɗauki sama da 8,000 aikin dindindin. Sauran larduna takwas ba su bi sahu ba.

A matakin ƙasa, abin da aka samu a 2018 shi ne yarjejeniya a majalisar sasanta albashi ta ɓangaren lafiya, wadda ta daidaita alawus ɗin a kan Rand 3,500 a wata, daidai da mafi ƙarancin albashin da ƙasar ke shirin farawa da shi, ta kuma ɗora wa ma'aikatun lafiya na larduna alhakin biya. An yi ta ne a matsayin matakin wucin-gadi. Sai aka riƙa sabunta ta shekara bayan shekara.

Sashe na 198B

Makamin da ƙungiyoyin suka riƙe shi ne sashe na 198B na Dokar Hulɗar Ƙwadago, wanda ya fara aiki a Janairun 2015. Sashen ya shafi masu ƙaramin albashi, kuma ya tanadi cewa ba a ɗaukar ma'aikaci da kwantiragin da ya wuce wata uku sai idan aikin kansa mai ƙarewa ne, ko kuma akwai wani dalili karɓaɓɓe. Idan babu, doka za ta ɗauki ma'aikacin a matsayin na dindindin, ko me takardar kwantiraginsa ta ce. Cikin dalilan da dokar ta amince da su akwai cewa kuɗin biyan ma'aikacin suna fitowa ne daga wata kafa ta waje na wani ƙayyadadden lokaci.

A kan wannan ƙofa gwamnati ta tsaya. Hujjarta ita ce ana biyan jami'an daga wani kaso na musamman da Baitulmalin ƙasa ke ware wa larduna, wanda ba a da tabbacin ɗorewarsa. Ƙungiyar NEHAWU, wadda aka kafa a 1987 kuma take cikin gamayyar COSATU mai ƙawance da jam'iyyar ANC, ta ƙalubalanci haka. Ta sha kaye a gaban mai sasantawa, sannan ta garzaya Kotun Ma'aikata. Hujjar gwamnatin tana da rauni a bayyane, domin daga Baitulmalin ne albashin likita da na malamin makaranta ke fitowa, kuma ƙasar da ke da kusan mutum miliyan 8 masu ɗauke da HIV ba za ta iya cewa bibiyarsu aiki ne mai ƙarewa ba. A Janairun 2025 kotun ta soke hukuncin mai sasantawar, ta ce a ɗauki jami'an a matsayin ma'aikatan dindindin.

Bayan hukunci

Hukuncin bai zo da kuɗin aiwatar da shi ba. Mayar da jami'i ɗaya kan ƙaramin matakin albashin gwamnati, da fansho da sauran haƙƙoƙi, yana ninka abin da ake kashewa a kansa, kuma wannan ya faɗo ne a shekarar da Amurka ta datse tallafin da take bai wa shirin yaƙi da HIV na ƙasar. Motsoaledi, wanda ya dawo kujerar ministan lafiya a 2024, ya sanar a 2025 cewa za a ɗauki kimanin 27,000.

Wannan adadi ya haifar da sabuwar taƙaddama, domin an ɗaura shi da sharaɗin takardar kammala sakandare. Da yawa daga cikin waɗanda ba su da takardar su ne mafi daɗewa a aikin, matan da suka fara jinya tun kafin magani ya wadata, waɗanda kuma shekarunsu suka kusa na ritaya ba tare da an tara musu ko sisin fansho ba. NUPSAW, wadda ke cikin gamayyar SAFTU mai hamayya da COSATU, ta yi watsi da sharaɗin, tana neman a lissafa shekarun aiki a madadin takarda, a kuma ɗauki kowa ba tare da tankaɗe ba.